Mai Kunne Ɗaya: Musayar Baitoci Kan Brian Wilson

Baba Mai Faifai, Fagge

Salamu alaikum 'yan zaure. Jiya da daddare ina murɗa rediyo na ji an ce Brian Wilson ya rasu ranar Laraba, 11 ga Yuni 2025, saura kwana 9 ya cika shekara 83. Yaran yanzu ba lallai ku san shi ba. Shi ne mai tsara waƙoƙin Beach Boys, ƙungiyar da ya kafa a Kalifoniya a 1961 tare da ƙannensa biyu da ɗan uwansu da wani abokinsu. Wajen 1972 ina yaron shago a Sabon Gari, wani ya bar faifansu jingina bai dawo ba har yau. Ga ƙwar biyu, amsa-amon "wa". Mai amsawa ya riƙe shi.

Da sunan Allah nake farawa,
Mai ba da baiwa, ba ya gazawa.

Na ji rasuwar wani mai waƙa,
Na kasa barci har wayewa.

Ban san shi ba, bai san Fagge ba,
Faifai guda ne silar haɗuwa.

Na ɗora shi, na saki allura,
Muryoyi biyar suka yo tasowa.

Ba na jin Turancin ko kaɗan,
Amma jikina ya ɗau karkarwa.

Ɗaya na can sama kamar shirwa,
Ɗaya na ƙasa, sauran na ratsawa.

Kamar saƙar tabarmar kaba,
Ba ka gane inda suke haɗewa.

Yana waƙar hawan igiyar teku,
Ƙanensa ne kawai gwanin hawa.

Ni ma ban taɓa ganin teku ba,
Iyakata Tiga da Challawa.

Na ji sanyinta a cikin shago,
Ana bazara, kwano na ƙonewa.

Kunnensa na dama ba ya ji,
Da ɗaya ya yi duk wannan tsarawa.

Mu masu biyu me muka tsinana?
Sai jin gulma da kai-da-kawowa.

Ɗan Zoo Road

Ranka ya daɗe Baba, ka sosa mini inda ke ƙaiƙayi. Mu da muke kwana a situdiyo mun san shi. Faifansu Pet Sounds ya fito a Mayun 1966 yana ɗan shekara 23, shekarun da ni ko haya ban iya biya ba. Waƙar da zan ce ta ci watanni ita ce Good Vibrations, ta fito a Oktoban wannan shekarar.

Baba na amsa, na durƙusa,
Ka buɗe ƙofa, ina shigowa.

Mu yau fiyano guda ya ishe mu,
Kwamfuta ke gyara karkacewa.

Murya ta kauce mu ja ta da linzami,
Ko kukan jaki yana gyaruwa.

Shi ko a kan zare yake aikinsa,
Da reza ake yanka da liƙewa.

Waƙa guda ta cinye watanni,
Situdiyo-situdiyo yana zagayawa.

Ya yanko nan, ya yanko can,
Kamar maɗinki yana harhaɗawa.

Ƙararrawar keke ta shiga waƙa,
Gwangwanin lemo ma ana kaɗawa.

Har karnukansa sun yi haushi,
Jirgin ƙasa na bi yana wucewa.

Ya sa an zuba yashi a falo,
Fiyano a kai, ƙafa na nutsewa.

Da ni na yi haka a gidanmu,
Da sai Dawanau za a yi tsayawa.

Malam na Ƙofar Mata

To, na ga an taru ana wasa Bature. Ban hana ba. Sai dai "wa" ɗin nan ya gundure ni, yaran makarantar allo ma sun iya shi. Na koma ƙwar huɗu, amsa-amon "ni".

Kun yabi kunne, kun yabi murya,
Kun rufe rabin zance a ƙwarya,
Ni ko ba na zama kusa da ƙarya,
Mutumin nan ya sha ƙwaya, ku ji ni.

An ce yana jin ana masa magana,
Ba kowa a ɗaki, dare da rana,
Mu nan Kano mun san wannan suna,
Ba ma kiran likita, mukan ce aljani.

Tun da can mawaƙi abokin iska,
Wanda ya ba shi kiɗa shi ke duka,
In ka cire ciwon ka kashe waƙa,
Haukan shi ne kuɗin zama gwani.

Baba Mai Faifai

Malam, ka karya mini amsa-amo a zaurena. Ba zan tanka ba, bari Sista ta sauko daga aiki.

Sista ta Gwammaja

Allah gafarta Malam, na dawo daga aikin dare na tarar da wannan, barcin ma ya gudu. Shekarata 14 ina jinyar masu irin wannan ciwo. Abin da likitoci suka gano yana damunsa ciwo ne da ke haɗa jin muryoyin da babu su da hawa da saukar zuciya, yau mutum yana sama kamar zai tashi, gobe ba ya iya ɗaga kai daga matashi. Zan bi ka da "ni" ɗinka don kada ka ce na gudu.

Allah gafarta Malam, na gaida ka,
Ƙwayar da ka faɗa ban musa maka,
Ta ƙara fetur a wutar cikin ɗaka,
Kodin ya koya mana a wannan zamani.

Amma ka duba gidan da ya tashi,
Uban da ya haife shi shi ke dukan shi,
Daga baya ya sai da waƙoƙin shi,
Yaro ya girma da tsohon rauni.

Cikin jirgin sama abin ya fara,
A 1964, ƙarshen shekara,
Ya fashe da kuka, ya dinga ƙara,
Ya ce da yawon wasa: ku ƙyale ni.

Ka ce ciwon shi ne ya ba shi waƙa,
To lissafa shekarun da ya yi a ɗaka,
Labule a sake, waje ba ya leƙa,
Ina waƙar da suka haifa? Nuna mini.

Aikin da ya fara yana saurayi,
Muryoyi suka ƙwace kamar ɓarayi,
Sai da ya manyanta ya sami mai tausayi,
Sannan ya ƙarasa, da taimakon magani.

Aikin da nake nufi shi ne faifan Smile. Ya ajiye shi a 1967, bai kammala ba sai 2004, ya fara gabatar da shi a Landan. Shekara 37 ke nan, Malam. Ciwon da ya cinye wa mutum shekara 37 a kan aiki ɗaya ba na kiransa malamin waƙa.

Kai kuma ɗana na Zoo Road, wasan asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ɗin nan da kuke yi shi ke sa uwa ta kulle ɗanta a ɗaki shekara da shekaru, don kada a ce an gan su a wannan hanyar. Asibiti ne kamar na ido.

Ɗan Zoo Road

Anti na tuba, bakina ya riga ni,
Baitin ƙarshen nan ina gogewa.

Malam na Ƙofar Mata

Ba a gama ba tukuna. Ni ma na yi bincikena kafin azahar.

Sista, na ji ki, kin iya zance,
Amma akwai mutum ɗaya kin mance,
Wanda ya tsare shi tsaye da kwance,
Ba boka ba ne, mai digiri ne, masani.

Ya hana shi ganin 'yan uwa da dangi,
Ya ɗura masa magani babu ragi,
Ya sa suna a waƙarsa, bai ji zargi,
Har wasiyya ya shiga, ya ce a ba ni.

Sista ta Gwammaja

Gaskiyarka, Malam, Eugene Landy kake nufi, masanin halayyar ɗan Adam da ya yi jinyarsa, kuma ba zan kare shi ba. Da farko ya yi aiki, ya raba shi da hodar iblis, ya sauke masa ƙibar da ta kusa kashe shi. Daga nan ya mallake shi, ya sa masa masu gadi dare da rana. Ya rasa lasisinsa a Kalifoniya a 1989, kotu ta raba su a 1992. Mu nan sai a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin ta 1958 da muka gada daga Turawa. Tana nan a takarda, ba ta iso lunguna ba.

Can akwai kotun da ta ce a sake shi,
Dangi suka kai ƙara don su gan shi,
Nan wa zai kai ƙarar mai ɗaure shi,
In an sa wa yaro mari a gidan wani?

Mari na ƙarfe, mari na allura,
Duk wanda ya ɗaura bai yi gyara,
Yi tofi, Malam, ni in ba da shawara,
Mu haɗu a kan yaron, kai da ni.

'Yar Gyaɗi-Gyaɗi

Ina karanta ku tun safe. Ban taɓa sa baki a nan ba, ku yi haƙuri da karin, ban iya ba.

Ni ban san Baturen nan ba sai yau,
Amma na san ciwon, yana gidana.

Yayana tela ne, gwanin aiki,
Shi ya ɗinka kayan aurena.

Wata rana ya toshe kunne da auduga,
Ya ce: akwai masu zagi a bayana.

Muka ce sammu ne, muka ce iska,
Aka kai shi wani ƙauye da tsakar rana.

Wata bakwai da mari a ƙafa,
Tabon yana nan, na gani da idona.

Ya dawo ba ya ko ɗaga kai,
Ya manta yadda ake kiran sunana.

Yanzu allura yake karɓa duk wata,
Kuɗinta na fita daga adashina.

Muryoyin ba su tafi duka ba,
Sun dai rage, har yana iya kwana.

Ya koma kan keke tun azumi,
Ɗinkin sallah ya yi wa 'ya'yana.

Malam, ciwon bai ba shi komai ba,
Allura da zare ya koya wurin Babana.

Malam na Ƙofar Mata

Baba, ara mini "wa" ɗin da na raina.

'Yata, na ji, na sunkuyar da kai,
Baitina na uku ina janyewa.

Aljani gaskiya ne, ban bar wannan ba,
Amma mari ba ya korar kowa.

Ki gai da Yayanki, ki ce Malam
Yana da yadi goma na ɗinkawa.

Baba Mai Faifai

'Yata, kin ce ba ki iya ba, kin sa tsoho share ido da hannun riga. Abin da Yayanki ya ce game da muryoyin, shi ma Brian Wilson ya sha faɗa a hira, cewa har a kan dandamali yana jin su suna kushe shi, yana ci gaba da waƙarsa. Ya yi tasa mai adashin, matarsa Melinda, mai sayar da motoci ce lokacin da suka haɗu, suka yi aure a 1995. Ta rasu a Janairun 2024, bai cika shekara ɗaya da rabi a bayanta ba. Ƙannensa kuwa tuni sun riga shi, Dennis ruwa ya ci shi a 1983, Carl ciwon daji a 1998.

Wanda ake cewa shi zai fara tafiya,
Shi ya raka ƙannensa makwanta da kewa.

Gwanin hawan teku teku ta ɗauke,
Mai tsoron fita ya kai ga tsufa da daɗewa.

Na karya kari, ku bar ni haka,
Hannuna ne yau ke rawa.

Faifan nan yana ƙasan gadona,
Cikin jakar fata, ƙura na rufewa.

Allurar garmahon ta karye tuni,
Na zaga Sabon Gari ba a samuwa.

Ɗan Zoo Road

Baba, bar batun allura, akwai shi a wayata. Asabar bayan la'asar zan zo ƙofar gidanka da sifika ɗaya tak, don ta hanya ɗaya ya haɗa sautin, yadda kunnensa ɗaya ke ji. Ka fito da faifan dai mu ga bangonsa. Anti, ke ce mai kawo zoɓo.

Sista ta Gwammaja

Ina da aikin rana, sai biyar da rabi. Kada ku fara ba ni.

'Yar Gyaɗi-Gyaɗi

Na karanta wa Yaya duka. Ya ce zai zo in ba za a ƙure sauti ba, kuma Malam ya taho da yadin, a can zai ɗauki awo.