Ta yaya zan riƙe ɗaliban jami'a a aikin kare haƙƙin yara?

Assalamu alaikum. Ni malama ce a sashen koyar da shari'a na wata jami'a a Kano, kuma shekara biyu ke nan da muka kafa ƙungiyar ɗalibai domin wayar da kan jama'a game da haƙƙin yara, amma al'amarin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. A taron farko ɗaki ya cika maƙil, da jarrabawa ta ƙarato kuwa mutum shida kawai nake samu, su ma rabinsu takardar shaida suke jira.

Abin da ya fi damuna shi ne fita unguwa. Ɗalibaina sun haddace Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 da Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, har da dokar kare yara da Jihar Kano ta samu a 2023, amma ranar da muka ziyarci wata makarantar allo, ɗayansu bai gama gaisuwa ba ya hau karanto wa alaramma sassan doka, sai malamin ya naɗe buzunsa ya shige gida, almajiran kuma suka watse da robobinsu. Ban ga laifin malamin ba, domin ba haka ake shiga wurin manya ba.

Don Allah, waɗanda suka taɓa irin wannan aiki, shin ya fi dacewa mu bi ta hannun mai unguwa da liman kafin mu koma, ko mu taƙaita kan abu guda, kamar yi wa yara rajistar haihuwa a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa? Kuma da me kuka riƙe ɗalibanku a lokacin jarrabawa?