Neman kalmar Hausa: me za mu kira "caste" na Nepal?

Mai fassarar labarai, Kano: Assalamu alaikum jama'a. Ina fassara labarin samari shida da aka kashe a Rukum ta Yamma, ƙasar Nepal, a watan Mayun 2020, don ɗayansu Dalit ne, wato daga mutanen da ake ɗauka su ne can ƙasa a al'ummar, ya nemi auren 'yar gidan da ake ganin ta fi ƙarfinsa. Kalmar "caste" ta tsaya mini a wuya. Su mutanen Nepal "jat" suke cewa. In sa ƙabila?

Malamar makaranta, Zariya: Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka sa ƙabila. Bahun, gidan limaman addinin Hindu, da Kami, waɗanda Dalit ne, yarensu ɗaya, addininsu ɗaya, ƙauyensu ma ɗaya, amma ana ɗora wani a kan wani. Bar wa Gurung da Magar da Tamang ƙabila, su ne ke da harsunansu daban.

Wani dattijo, Maraɗi: To ai sana'ar gado ce. Kami maƙera ne, Damai teloli da makaɗa, Sarki kuwa dukawa, kada sunan ya ruɗe ku. Mu ma a nan akwai gidan da ba zai ba mahauci 'yarsa ba.

Malamar makaranta: Baba, Allah ya ƙara girma, ka kusa, amma abin ya wuce sana'a. Ɗan Kami ko likita ya zama, Kami ne. A 1854 firaministan Nepal Jung Bahadur Rana ya kafa dokar Muluki Ain, ya jera mutanen ƙasar daki-daki: masu rataya zaren ibada a sama, masu shan giya a tsakiya, can ƙasa kuma waɗanda ba a karɓar ruwa daga hannunsu, wasu ma in sun taɓa ka sai an yayyafa maka ruwan tsarki. Laifi ɗaya, hukunci daban-daban, gwargwadon gidan da ka fito. Sai 1963 Sarkin Nepal Mahendra ya soke ta, a 2011 kuma aka mai da wannan ƙyama laifi. Har yau akwai shagon shayin da Dalit zai sha, a ce ya wanke kofinsa da kansa. Mu da mahauci sahu ɗaya muke bi a masallaci, kwano ɗaya muke ci. In ka ce sana'ar gado, mai karatu zai ɗauka abin iyakarsa irin namu ne, ka rage wa waɗannan mutane nauyin zaluncin da suke sha.

Wani ɗalibi: Aji fa, Malama?

Malamar makaranta: Aji ana cin jarrabawa a wuce shi. Ni dai "matakin gado" nake gani. Mataki ya nuna akwai sama da ƙasa, gado ya nuna da shi aka haife ka.

Dattijon Maraɗi: Na yarda, 'yata. Dalit kuma a bar musu sunansu, tunda shi suka zaɓa wa kansu a gwagwarmayarsu. A ƙara bayani kawai: waɗanda ake ƙyamar taɓawa.

Mai fassara: Madalla, na gode. Ga yadda na rubuta: "An kashe su ne saboda bambancin matakin gado."