Idan majalisun biyu suka saɓa kan kasafin kuɗi, ta wa ake bi?

Salamu alaikum. Masana doka, don Allah ku fitar da ni, wani ɗalibina ya ɗaure ni da tambaya a aji.

Na san ƙudiri ba ya zuwa gaban shugaban ƙasa sai Majalisar Dattawa mai sanatoci 109 da ta Wakilai mai kujeru 360 sun amince. To amma sashe na 59 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce in suka saɓa kan kasafin kuɗi, kwamitin haɗin gwiwa ma ya kasa sasanta su, sai a zauna tare a kaɗa ƙuri'a.

Ashe ke nan wakilai za su danne sanatoci da yawansu? Ina amfanin daidaita Kano da Bayelsa, kowacce sanata uku? An ma taɓa kaiwa ga irin wannan zaman kuwa?