Zauren Ma'aikatan Lafiya na Gombe: Monosayit a Jinin Masu Kansa

Ɗalibar digiri na biyu: Assalamu alaikum malamaina da yayyena. Bincikena a kan mata masu sankarar mama ne. Ina so in yi lissafin raba adadin limfosayit da adadin monosayit (nau'o'i biyu na fararen ƙwayoyin jini) a jininsu kafin a fara kemo, wato maganin kansa, in ga ko sakamakon yana tafiya da yadda magani ke karɓarsu. Ta ina zan fara?

Masanin gwajin jini: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, fara da injin da zai ƙirga miki jinin. Irin su Sysmex XP-300 gida uku suke kasa fararen ƙwayoyin jini, kuma gidan tsakiya da suke rubutawa MXD ba monosayit ba ne zalla, har da iyosinofil da basofil a ciki. Mu kuwa tsutsar ciki da tsargiya ba baƙi ba ne a wurinmu, musamman mutanen bakin ruwa irin su Dadin Kowa, kuma dukansu suna ɗaga iyosinofil. Kika ɗauki MXD a matsayin monosayit, lissafi ya karkace tun daga tushe. Nemi inji mai gida biyar. In bai samu ba, a shafa jinin a gilashi, a rina da Leishman, a ƙirga ƙwayoyi 200 maimakon 100, sannan ki fitar da adadin daga jimillar fararen. Jinin kwalbar EDTA, mai hana jini daskarewa, a shafa shi cikin awa biyu, don in ya jima a zafin nan namu ƙwayoyin kan sauya kama har a rikita su da wasu. Lafiyayyen babba yana da monosayit wajen 200 zuwa 800 a maikurolita ɗaya.

Likitan kansa: Haka ne, Malam. Ki kuma ware duk abin da ke motsa lambar ba tare da kansa ba: tarin tibi, maleriya, ƙanjamau da ke cinye limfosayit, allurar filgrastim mai ƙara fararen ƙwayoyin jini, da farfaɗowar ɓargo bayan zagayen kemo. A ɗebi jini kafin a yi wa mara lafiya dexamethasone, don cikin awoyi kaɗan yake sauke limfosayit. In kika ci karo da wadda monosayit ɗinta ya kai 500, ya kai kashi 10 cikin 100 na fararen, kuma ya zauna haka sama da wata uku babu dalili, a tura ta wurin likitan jini. Akwai kansar jini da ake kira CMML, a 2022 aka sauko da ma'auninta daga 1,000 zuwa 500.

Ɗalibar digiri na biyu: Allah ya saka da alheri. To, yawan monosayit ke nan alama ce mara kyau?

Malamar ilimin garkuwar jiki: 'Yata, ba iri ɗaya ba ne su, shi ya sa lamba ɗaya ba ta isa yanke hukunci. Tun 2010 aka kasa su uku bisa alamomin CD14 da CD16 da ke jikin ƙwayoyin. Mafi yawa, wajen kashi 85, su ne masu CD14 da yawa babu CD16, kuma kamar kwana guda suke yi a jini su fice. Ƙarin kansa yana fitar da sinadarin CCL2, su kuma suna da kunnen jinsa, CCR2, sai su amsa kira su shiga. A ciki sinadarin CSF-1 ya mayar da su makrofaj, wato manyan ƙwayoyi masu zama cikin tsoka, masu yi wa ƙarin hidima: su fitar da VEGF a shimfiɗa masa sabbin jijiyoyin jini, su fitar da sinadaran IL-10 da TGF-beta, su ɗaga PD-L1 mai taka wa garkuwa birki, ƙwayoyin T na garkuwar jiki da suka zo yaƙi su yi laƙwas. Mai gadi ne ya koma buɗe wa ɓarawo ƙofa. Amma akwai 'yan tsiraru masu CD16 da yawa, masu sintiri a bangon jijiya. A 2015 an nuna a jikin ɓeraye cewa suna tsince tarkacen kansa a huhu, suna kiran ƙwayoyin NK masu kashe ƙwayoyin kansa, yaɗuwa ta ragu. Sai a 2018 masu bincike a Zurik suka gano cewa masu kansar fata ta melanoma da jininsu ke da yawan monosayit masu CD14, babu CD16, da alamar HLA-DR mai ƙarfi, sun fi amfana da magungunan toshe PD-1, masu cire wa ƙwayoyin T birki. Monosayit ɗin da HLA-DR ɗinsu ya dusashe kuwa su ne masu danne garkuwa. A ganina, in kuɗi ya ba ki alama ɗaya tak bayan CD14 da CD16, HLA-DR za ki saya.

Mai harhaɗa magunguna: Ranki ya daɗe, bari in ɗora daga ɓangaren magani, don kada a ɗauka toshe wa monosayit hanya ya gama magana. Carlumab, mai kama CCL2, bai tsinana komai ba a gwajin kansar furostet. A 2014 kuma an ga ɓerayen da aka dakatar wa irin wannan magani monosayit sun kwararo daga ɓargo, kansar mama ta ƙara saurin yaɗuwa. Pexidartinib mai toshe CSF1R, kunnen jin CSF-1, ya samu amincewa a Amurka a 2019, amma don wani ƙarin gaɓa ne da ba ya cika yaɗuwa, kuma da gargaɗi mai tsanani kan hanta. A maganin CAR-T ma, inda ake sarrafa ƙwayoyin T su yaƙi kansa, zazzaɓi da faɗuwar matsin jini da kan biyo baya, monosayit da makrofaj ne manyan masu zubo IL-1 da IL-6 da ke haddasa su, shi ya sa ake ajiye tocilizumab, mai toshe aikin IL-6, a kusa.

Ɗalibar digiri na biyu: Malama, in na samu inda za a yi mini fulo saitometiri, gwajin da ke tantance ƙwayoyi ta alamomin jikinsu, a wajen jiha fa?

Malamar ilimin garkuwar jiki: Sai ki ware limfosayit da monosayit daga jinin a nan cikin awa huɗu da ɗibarsa, ki daskarar da su kafin a tura. Ki sirka jini da ruwan gishirin PBS daidai wa daida, ki kwantar da shi a hankali kan Ficoll, ruwan da ke ware ƙwayoyi bisa nauyinsu, mai nauyin 1.077, a juya a injin santirifuj a 400g na minti 30, birki a kashe. Ficoll da jinin su kasance a digiri 18 zuwa 20. Zafin Maris da Afrilu yana rage nauyin Ficoll ki yi asarar ƙwayoyi, sanyin firji kuma yana barin jajayen ƙwayoyi da nutrofil a sama. Ki yi amfani da bututun folifurofilin, don monosayit na manne wa gilashi. Kafin rini a toshe masu karɓar Fc da ke jikin monosayit, in ba haka ba za su cafke kowane antibodi na rinin su ba ki sakamakon ƙarya. A sa CD56, alamar ƙwayoyin NK, ma, saboda ƙwayoyin NK suna da CD16, suna saje da 'yan sintirin.

Masanin gwajin jini: Daskarewar nan ita ce abin tsoro, Malama. A sa kashi 10 cikin 100 na DMSO, mai kare ƙwayoyi daga illar ƙanƙara, a sauke sanyin digiri ɗaya a minti zuwa 80 ƙasa da sifili, kuma firjin ya kasance kan sola ko inbata. Wuta ta ɗauke ya narke ya sake daskarewa, samfurin ya tashi aiki. Na marasa lafiya da na lafiyayyun da za ki kwatanta, duka a yi musu hanya ɗaya, a rubuta lokacin ɗiba da na daskarewa a jikin kowace kwalba.