Masu iyo a dam: wa ya taɓa shirin gasar ruwa mai nisa daga nan Kano?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da niyyar shiga gasar iyo da ake yi daga Dakar zuwa tsibirin Gore a Senegal, in Allah ya kai mu. Tsawonta wajen kilomita 5 ne, kuma cikin teku. Duk iyon da na iya a kwamin otal na koye shi, mai tsawon mita 25, ruwa garau kana hango tayil. A lissafi, kilomita 5 sai na ratsa kwamin sau 200, kuma yanzu ina wuce rabin haka ban galabaita ba. Wanda ya taɓa atisaye a dam ɗin Tiga, Bagauda ko Challawa, ya taimaka ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa.

Baba na Gwale:
Wa alaikumus salam. Yaro, wannan sau 200 ɗin da kake ƙirgawa akwai hutu 200 a ciki. Duk juyin da ka yi ka doki bango da ƙafa, ruwa ya ɗauke ka mita uku ko huɗu kyauta, kafaɗa ta sarara. A dam babu bango. Ni a Tiga na fara sanin haka, kuma a lokacin ina ganin kaina gwani.

Amma ba gajiya ce ta fi ba ni mamaki ba, karkata ce. Na sa wani dutse a gaba na dunƙufa ina ta zuba hannu, da na ɗago sai ga dutsen can hagu da ni, mai kwale-kwale yana ta dariya. Kowa yana da hannun da ya fi ƙarfi, layin da ke ƙasan kwami ne yake ɓoye maka. Maganinsa ka riƙa ɗago ido bayan bugun hannu shida zuwa goma. Ido kawai zai fito, hanci da baki suna cikin ruwa, sannan ka juya gefe ka sha iska kamar yadda ka saba. In ka ɗago kai gaba ɗaya ƙafafu za su nutse, wuya kuma zai gaya maka washegari. Kuma ka zaɓi abu mai tsayi da ba ya motsi, tsauni ko doguwar bishiya. Kwale-kwalen masunta ba alama ba ne, tafiya yake yi.

Tun a kwami za ka iya gwada kanka: ka rufe ido ka yi bugu goma sha biyar, ka ga inda za ka tsinci kanka.

Ɗan Fagge:
Allah ya saka da alheri Baba. To mai kwale-kwalen nan dole ne? Abokina zai iya tsaya min a bakin ruwa.

Baba na Gwale:
Abokinka na bakin ruwa salati kawai zai iya yi maka.

Na Kura:
Gaskiyar Baba ce. Ni gidanmu masunta ne ta wajen uwa, kuma abin da 'yan birni ba su sani ba shi ne ruwan nan yana da masu shi, wato masunta. Akwai kalli, ragar kamun kifi da ake shimfiɗawa a bar shi ya kwana, akwai mamari, igiya ce doguwa da ƙugiyoyi jere a jikinta, ba ka ganinta daga sama. Ga kututturan bishiyoyin da ruwa ya cinye tun da aka tare kogin Kano a 1974. Masunci ya san inda kowanne yake.

Yadda muke yi, in mun isa sai mu fara gaida Sarkin Ruwa ko dattijon da ke mashigar, mu faɗi abin da ya kawo mu, a haɗa mu da yaro mai kwale-kwale, a yi ciniki tun kafin a jiƙe. Ka gaya masa ya tsaya ta gefen da kake shan iska, don ka riƙa ganinsa duk numfashi, kuma shi ne zai riƙe hanya, kai ka bi shi. In ya ce a fita, a fita. Sukan ga hadari da iskar da ke gabansa tun kai kana ganin rana. Da damina ba a musu da tsawa a tsakiyar ruwa.

Sai ka ɗaura balan-balan ɗin nan mai ruwan lemo a ƙugu, wanda ake ja a baya. Wani dattijo da ya ga nawa cewa ya yi ai gora ce aka yi wa fenti, su tun kakanni da ita suke shiga.

Likitan Tarauni:
Bari in shigo da abin da ba a son ji. Tsargiya. Ruwan dam da kududdufai a ƙasar Kano suna ɗauke da ita, kuma ba ta hanyar sha take shiga ba. Ƙwayar tana fitowa daga jikin ƙananan dodon-koɗi ta huda fata. Ta fi yawa a bakin ruwa inda ciyayi suke, wato daidai inda ake tsayawa ana gyara tabarau ana hira. Shiga daga kwale-kwale a wuri mai zurfi yana rage haɗarin, amma bai kawar da shi ba, goge jiki da tawul ma haka.

Na ga masu ƙarfi da suka zo da fitsarin jini, na ga kuma waɗanda ba su ji komai ba sai gwaji ya nuna. Alamun sukan ɗauki makonni kafin su fito. Duk mai shiga dam a kai a kai ya je a gwada shi bayan kamar wata biyu. Maganin, praziquantel, yana aiki, amma da nauyin jiki ake auna shi, ba a saye a kemis a haɗiya da ka. Shawarata, yawancin nisan a yi shi a kwami, a bar dam don koyon abin da kwami ba zai koyar ba.

Ɗan Sabon Gari:
Likita ya gama magana. Ni haka na tsara nawa: tsakiyar mako kwami, ƙarshen mako dogon iyo guda, kuma ba kowane mako ne dam ba. Nisan a riƙa ƙara shi kaɗan-kaɗan, in an yi mako uku ana hawa sai a sauko a na huɗu, don kafaɗa ita ce ke fara kai ƙara. Ka san saurinka a mita 100. Mai yin minti 2 zai ci kilomita 5 a awa 1 da minti 40, in ruwa ya kwanta. 'Yan Olamfik suna gama kilomita 10 a wajen awa 2. Tun gasar Beijin ta 2008 aka sa wannan tseren, kuma Oussama Mellouli na Tunisiya ya ci zinare a Landan a 2012, don haka Afirka ba baƙuwa ba ce a wurin.

In iyo zai wuce awa ɗaya, ka koyi sha kana cikin ruwa. Mai kwale-kwale ya miƙo gora, ka juya rigingine ka kurɓa ka ci gaba. Ni ruwan dabino da ɗan gishiri ne ya karɓe ni. Fura ta yi min nauyi, ban sake ba.

Hajiya 'Yar Nassarawa:
Ku maza kuna maganar dam, mu kwamin ma sai an nemi lokacin da babu maza, wani wurin sai dai mu haɗa kuɗi mu kama sa'a guda da sassafe. Abin da zan ƙara shi ne kaya. Rigar iyo mai rufe jiki in ta yi yalwa tana shan ruwa ta ja ki baya, ɗinkinta kuma yana goge hammata da wuya har su ɗaye in an daɗe. Ki sayi wadda ta zauna daidai, ki shafa basilin a wuraren tun kafin shiga, sannan ki wanke hannu kafin ki taɓa tabarau, in ba haka ba hazo za ki gani har ki fito. Wannan na basilin har da kai ƙanena, ruwan gishiri ya fi na dam cin fata nesa ba kusa ba.

Malam na Gyaɗi-Gyaɗi:
Tambaya: ya kuke yi da azumi?

Ɗan Sabon Gari:
Malam, da rana ba na shiga, don ba a dogon iyo ba a kurɓi ruwa ba. Tsohuwar robar tayar keke nake ɗaurewa a ƙarfen taga ina jan hannu kafin shan ruwa. In an samu kwamin da ke buɗe bayan asham, a ɗan taɓa. Ƙarfi yana raguwa amma yana dawowa bayan sallah.

Baba na Gwale:
Akwai wanda ya ce min da hunturu ya fi son shiga don ya saba da sanyi irin na masu ƙetare mashigin Ingila, wato tekun da ke tsakanin Ingila da Faransa. Wancan ruwa daban ne, kusan kilomita 33, Matthew Webb da ya fara ƙetare shi a 1875 sai da ya yi awa 21 da minti 45. Kai Dakar za ka, ba ka buƙatar wannan azaba. Amma sanyin asubar Janairu a Tiga ba wasa ba ne. Ka shiga a hankali, ka jiƙa fuska da wuya tukuna har numfashi ya daidaita. In yatsu sun ƙi haɗuwa ko magana ta fara sarƙewa, ka hau kwale-kwale. Rawar ɗarin ma bayan an fito ta fi tsanani, shi ya sa shayi da rigar sanyi su kasance a hannu.

Likitan Tarauni:
Zafi ma yana kisa. Ƙa'idar hukumar iyo ta duniya ita ce kada ruwan gasa ya gaza digiri 16 ko ya wuce 31, kuma iyakar saman an sa ta ne bayan Fran Crippen ɗan Amurka ya rasu a tseren iyo cikin ruwa mai zafi a Fujaira, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, a 2010. Da bazara a shiga da sassafe.

Ɗan Fagge:
Na gode ƙwarai, na rubuta duka. Saura igiyar ruwa, tunda teku ba ya kwanciya. A ina zan samo ta a Kano?

Na Kura:
Da la'asar in iska ta taso, Tiga takan yi tozo ta mari fuska, ta isa ka koyi shan iska ta hagu da dama. Amma ba a ranar farko ba, kuma kusa da gaɓa za a bi. Asabar mai zuwa zan je gaida kawuna, akwai wurin mutum biyu a mota. Bayan sallar asuba za mu ɗauki hanyar Zariya. Ka taho da hula mai haske, ja ko rawaya, baƙa ba a hango ta daga kwale-kwale.