Neman shawara kan keken ɗinkin ƙanwata da kayan da ta bari

Assalamu alaikum. Yau kwana 40 ke nan da Allah ya karɓi ran ƙanwata tana da shekara 26, bayan ta sha fama da cutar amosanin jini, wadda aka fi sani da sikila, tun tana goye. Ina roƙonku addu'a, sannan ina neman shawara a kan abin da ya tsaya mana a gida.

Marigayiyar tela ce, kuma hannunta ya faɗa a zanen lalle. A wani hunturu da ciwon ya kwantar da ita a asibiti, ta lura cewa robar ruwan zafin da iyaye ke ɗora wa yara a gaɓoɓinsu tana ƙona musu fata, saboda haka da ta samu sauƙi sai ta riƙa tara ƙyallayen atamfa tana ɗinka wa robar riga, tana kai wa yaran ɗakin da ita ma ake kwantar da ita, ba ta taɓa karɓar ko kwabo ba. Ta bar keken ɗinki, da littafi cike da zanenta, da turmi 7 na mutane da ba ta kai ga ɗinkawa ba, da rigunan roba 11 da ta yanka ta ajiye. Ƙawayenta suna son buɗe shafi a Facebook da hotunanta domin tara kuɗi da sunanta. Mama kuwa ta lulluɓe keken da zane, ta ce a fitar mata da shi daga gidan, Baba kuma bai ce uffan ba. Ni ce babba, kowa ni yake kallo.

Amsar wani malami: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙanta, ya sa jinyar ta zama kaffara. 'Yar uwa, kafin maganar tunawa da ita akwai haƙƙoƙin da suka rataya a wuyanku. Turmin nan 7 amana ce, a nemi masu su a mayar musu, tare da duk kuɗin da suka bayar na kafin alƙalami, domin bashi ne a kanta. Keken da littafin kuma sun zama gado. Idan ba ta bar miji ko ɗa ba, kuma tana da 'yan uwa biyu ko fiye, mahaifiyarku tana da sudusi, wato kashi ɗaya cikin shida, kamar yadda aya ta 11 ta Suratun Nisa'i ta bayyana, sauran na mahaifinku ne, ku 'yan uwa ba ku da rabo muddin yana raye. Saboda haka ke ko ƙawayenta ba ku da ikon kyautar da komai sai da yardar iyayen, kuma shirun Baba ba izini ba ne, ki zauna da shi ki tambaye shi.

Amsar wata ma'aikaciyar jinya: Allah ya ba ku haƙuri, Yaya. Na yi aiki da masu wannan ciwo, kuma na san darajar abin da ta riƙa ɗinkawa, domin sanyi da ƙarancin ruwa a jiki suna cikin manyan abubuwan da ke tayar da shi, ɗumi kuwa yana sassauta raɗaɗin. Idan ƙawayenta da gaske suke, abin da ya fi wahalar da iyaye a ɗakin yara shi ne neman jini da tsakar dare. Su haɗu su ba da gudummawar jini, musamman masu rukunin jini na AA, don jinin da babu sikila a cikinsa ake so a ƙara wa masu ciwon. Suna iya tsayar da 19 ga Yuni, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa cutar. Ku ma da kuka rage ku yi gwajin jini kafin aure, domin idan AS (mai ɗauke da ƙwayar sikila amma ba ya ciwon) ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato mai sikila, kuma jihar Kano ta mayar da gwajin doka a 2024.

Amsar wata uwa: 'Yata, ni ma na binne ɗa da wannan ciwo. Cikin zafin rashin na rabar da tufafinsa kaf, ko hula ban bari ba, kuma bayan shekara na riƙa buɗe akwatinsa ina neman abin da zan shinshina in ji ƙamshinsa, ban samu ba. Kada ki ɗauki maganar mahaifiyarki a matsayin hukunci na ƙarshe. Ki kai keken gidanki, ki zuba masa mai, ki bar shi a inda za ta iya cewa a dawo mata da shi.

Amsar wani ɗan uwa: Ni ban goyi bayan shafin ba, domin kuɗin jama'a idan ba a san mai riƙe lissafinsu ba sukan haifar da zargi, kuma sunan marigayiya za a ambata. Idan ba makawa, a sa hotunan ɗinkinta da lallenta, a bar fuskarta.

Mai tambaya: Allah ya saka muku da alheri. Jiya bayan isha'i na zauna da Baba, ya ce ya bar rabonsa na keken sadaka, a koyar da 'yan mata masu ciwon ɗinki da shi duk lokacin da Mama ta amince. Mun gano masu turmi 5, saura biyu da ba a rubuta suna a jikinsu ba. Mama har yanzu ba ta yarda a yaye zanen ba, amma da safe ta ce in ɗauko mata rigunan roban nan 11 da allura, za ta ƙarasa su da hannu kafin sanyi ya shigo.