Admiral Fulvio Martini: me ya kai sojan ruwa shugabancin leƙen asiri?

Ɗalibin Tarihi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina karanta tarihin SISMI, hukumar leƙen asirin sojan Italiya da aka rushe a 2007, sai na ga Admiral Fulvio Martini ne ya riƙe ta daga 1984 zuwa 1991. Ina ruwan sojan ruwa da wannan aiki?

Malam Tsohon Soja: Wa'alaikumus salam. Hukumar ta rundunonin ƙasar ce duka, kuma ba shi ne farau ba, Admiral Henke ya shugabanci SID, hukumar da ta gabaci SISMI, tun 1966. An kawo Martini ne shekaru uku bayan abin kunyar 1981 na ƙungiyar asiri ta P2, wadda aka samu sunan shugaban SISMI, Janar Santovito, a jerin mambobinta. Amma inda ya yi fice shi ne Oktoban 1985. Falasɗinawa suka yi garkuwa da jirgin ruwan Achille Lauro, jiragen yaƙin Amurka suka tilasta wa jirgin Masar da ya ɗauko maharan sauka a Sigonella, can Sisiliya. Sojojin Italiya da na Amurka suka yi cirko-cirko da bindigogi, Firaministan Italiya Craxi ya ƙi miƙa wa Amurka Abu Abbas, jagoran ƙungiyar maharan. Martini na tsakiyar wannan dambarwa.

Hajiya Mai Nazari: Malam, ka tsallake Tunisiya. A 1999 shi da bakinsa ya ce Italiya na da hannu a hawan Ben Ali mulki a 1987, lokacin da aka kawar da Shugaba Bourguiba. Ni dai ina ɗaukar labarin ɗan leƙen asiri da taka-tsantsan, sun iya ƙara gishiri.

Ɗalibin Tarihi: Na gode ƙwarai. To saukarsa na da alaƙa da tonon asirin Gladio, ɓoyayyiyar rundunar da aka kafa don shirin tunkarar mamayar Tarayyar Soviet, da Firaminista Andreotti ya yi a 1990?